Yadda Ake Tsabtace da Adana Tsohuwar Bindigar Snider ta Gado

Galibin bindigogin da ake kawo mini in duba na maƙeranmu ne, bindigar toka irin wadda 'yan bindiga ke ɗurawa ta baki ranar hawan sallah. Amma jefi-jefi sai a kwance tabarma ko tsohon buhu a gabana in ga wata doguwa mai zobba uku da ke riƙe bututu da katako, da kambin sarauta a gefenta, da wani ƙyauren ƙarfe a gindin bututun da ke buɗewa ta hannun dama. Wannan ita ce Snider-Enfield. Duk wadda ka gani ta haura shekara ɗari da arba'in, kuma abin da na lura shi ne ɓarnar da mai gyara ke yi mata a yini guda da samfefa ta fi wadda tsatsa ta yi mata tun zamanin kakan kakansa.

Asalinta bindigar ɗuri ta baki ce ta sojojin Ingila, ƙirar 1853, wadda faɗin raminta ya kai inci 0.577, wato kusan milimita 14 da rabi. Da ƙasashen Turai suka koma bindiga mai ɗaukar harsashi ta baya, Ingila ba ta zubar da tarin da take da shi ba. A 1866 ta karɓi dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider: a yanke kamar inci biyu da rabi daga gindin bututun, a ɗaura ƙyaure mai allura a ciki, a bar tsohuwar gudumar, wato ƙarfen da ke faɗawa in an ja kunama, tana dukan allurar. Faransa da Amurka da Rasha da Ostiriya duk sun yi wa nasu tsofaffin irin wannan kwaskwarima, kowa da salonsa. An yi yaƙi da Snider a Habasha a 1868, ita sojojin Ingila suka riƙe zuwa Kumasi a 1874 a yaƙin da sojojin Hausa ma suka shiga, kuma da ita dakarun kamfanin Neja na Turawan Ingila suka ci Bida da Ilori a 1897. Ta irin waɗannan hanyoyi 'yan ƙalilan suka maƙale a gidajen sarauta da na tsofaffin sojoji da mafarauta.

Bayanin nan na adanawa ne, ba na harbi ba. Bututun yawancinsu tsohon ƙarfe ne da ya sha tsatsa ta ciki, ba wanda zai iya rantse maka da ƙarfinsa ta hanyar kallo. Kar ka gwada mata kowane irin harsashi, ko da ya shiga daidai. Sannan kafin ka fara komai, ka je ofishin 'yan sanda a faɗa maka matsayinta. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora lasisi har a kan bindigar toka, balle wadda ke buɗewa ta baya, don haka kar ka ɗauka tsufanta ya wanke ka. Kuma kar ka saka ta a but ɗin mota ka kama hanya ba takarda, ba a wannan zamanin ba.

Kayan aiki

Tebur mai tsawo, aƙalla mita ɗaya da rabi, da tsohon bargo ko zani mai kauri da za a shimfiɗa. Safar hannu ta roba irin ta asibiti, domin gumin hannu gishiri ne, yana barin shatin yatsa a ƙarfe. Tocila ƙarama. Wayar da ke ɗaukar hoto da kyau, da littafi da biro. Sukudireba masu faɗin baki guda uku ko huɗu, da magagari don gyara bakinsu. Kananzir. Man keken ɗinki. Tsummokin auduga farare, da auduga irin ta goge kunne. Tsohon buroshin haƙori, da buroshin fenti mai laushi wanda bai taɓa fenti ba. Tsinken sakace da 'yan sandunan gora da aka fiƙe. Guntun jan ƙarfe, kamar wayar wuta mai kauri da aka daka bakinta ya yi faɗi. Igiya mai ƙwari mita biyu. Siririyar sanda miƙaƙƙiya da ta fi bututun tsawo. Kwali mai rami-rami irin na ƙwai don ajiye sukurori.

Abu biyu ne ke wuyar samu. Na farko soson ƙarfe mai laushin gaske, wanda ake rubuta wa sifili huɗu a jikin leda. Masu sayar da kayan kafintoci a manyan kasuwanni kan samu. Soson wanke tukunya ba madadinsa ba ne, zai zane ƙarfen. In ba ka samu ba, ka tsaya ga jan ƙarfe da tsumma, aikin zai yi tsawo amma zai yi. Na biyu kakin da gidajen tarihi ke shafawa, wanda aka fi sani da Renaissance Wax. In babu, man goge takalmi marar launi zai tsaya a madadinsa.

Abubuwan da ba za su hau teburin ba: samfefa, buroshin waya, injin gurza ƙarfe, ruwan batir, lemun tsami, tsamiya, toka, baƙin mai, man gyaɗa, manja, banish.

1. Tabbatar babu komai a cikinta

Kowace tsohuwar bindiga a ɗure take har sai idonka ya ƙaryata. Albarushi ba ya mutuwa don tsufa in dai bai jiƙe ba. Juya bakinta ga bango, inda ba ɗaki a baya, ka kori yara. Kar yatsanka ya je kusa da kunama. Ja gudumar baya a hankali har ka ji ƙaram na farko, ka tsaya nan, wannan shi ne rabin zango. Yanzu ɗaga ƙyauren ya kwanta ta dama. Wasu suna da ɗan maɓalli a gefen hagu da sai an danna. Haska tocila ta gindin, ka sa farar takarda a bakin bututun ka ga ko haske ya fito.

Idan ƙyauren ya ƙi buɗewa, kar ka buga. Zura siririyar sandar nan ta baki har ta tsaya, hannunka a gefe ba a saitin rami ba, ka yi mata alama, ka zaro ka gwada ta a wajen bututun. In ta kai har inda ƙyauren ya fara, babu komai. In ta gaza da inci biyu ko fiye, akwai wani abu. Yana iya zama gidan zanzaro, wanda shi na fi tararwa, yana iya zama harsashi. Ba kai za ka tantance ba. Ka ajiye ta, ka kulle ɗakin, ka sanar da hukuma. Haka nan in an sami tsofaffin harsasai tare da ita, masu jikin tagulla da aka naɗe da takarda, irin ƙirar Kanar Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila. Kar a goge su, kar a buɗe, kar a ajiye su a gida. Ɗauki hotonsu ka miƙa su.

2. Hoto da rubutu kafin tsumma ya taɓa ta

Ɗauki hotonta gaba ɗaya ta kowane gefe, sannan kusa-kusa kowane rubutu. Haska tocila ta gefe, ba daga sama ba, sai ka ga rubutun da ya shafe ya taso. A farantin da gudumar ke zaune za ka ga kambi, ƙarƙashinsa V.R., alamar Sarauniya Biktoriya, sannan shekara da kalmar ENFIELD ko TOWER, ko haruffan kamfanin da ya ƙera kamar B.S.A. na Birmingham. Shekarar nan ta farantin ce. In ka ga 1859 ko 1862, to an haife ta tana mai ɗuri ta baki ne, daga baya aka mayar da ita. Alama mai kama da kan kibiya tana nufin mallakar gwamnatin Ingila ce, in kibiyoyi biyu ne suna fuskantar juna to an sallame ta daga aikin soja an sayar. In an buga STEEL a bututun kuma ƙyauren na da maɓallin kullewa, ƙirar Snider ta uku ce, wadda aka ƙera sabuwa ba kwaskwarima ba. Duba saman tagullar da ke gindin ƙota, nan ake buga lambar runduna.

Sai ka zauna da dattawan gidan ka rubuta abin da suka sani: ta wa ce, yaya ta shigo, wa ya yi harbin ƙarshe da ita. Wannan ya fi duk abin da za ka yi da kananzir daraja, kuma shi ne ke saurin ɓacewa.

Akwai abin da nake roƙon kowa a kai. Za ka iya tarar da layu a ɗaure a wuyan ƙota, ko fatar da aka naɗe wurin da ya tsage tana ɗanya ta bushe ta kama, ko ƙusoshin tagulla da aka jera ado. Kar ka cire don ta koma "yadda Bature ya yi ta". Irin ta Bature tana nan da yawa a duniya. A 2003 ma an kwashe dubban tsofaffin bindigogi daga wata tsohuwar fada a Katmandu ta Nefal aka watsa su kasuwar masu tara kayan tarihi. Wadda ke da layar kakanka ita kaɗai ce.

3. Kaɗe ƙura a bushe

Da buroshin fenti mai laushi ka kaɗe ta daga baki zuwa gindi. Lunguna kuma tsinke. Kar ka fara da mai, domin ƙura da mai in sun haɗu sun zama taɓo mai gurza. A nan za ka fara ganin abin da ke gabanka: ina tsatsa take, ina katako ya tsage, ina ƙwaro ya huda.

4. Kwancewa, in da buƙata

Ba dole ba ne. In tsatsar ta sama ce kuma katakon lafiya, ka tsallake wannan mataki. Ina kwancewa ne kawai in na ga jan gari yana zubowa daga ƙarƙashin bututu, alamar tana ci ta inda ido ba ya gani.

Ɗiga kananzir da aka gauraya da ɗan man keke a kan kowane sukuru, ɗigo ɗaya, ka tare da tsumma kada ya bi katako. Maimaita safe da yamma kwana uku, wani lokaci mako. Kafin ka murɗa, sakace tsagar kan sukurun da tsinke har ƙasa. Sannan ka gyara bakin sukudireba da magagari ya cika tsagar daidai, faɗi da kauri, ba ya rawa. Sukudireban kasuwa bakinsa kamar gatari yake, yana hawa sama ya yage kan sukurun. Danna da nauyin jikinka, ka ɗan murɗa kamar za ka ƙara ɗaurewa, sannan ka dawo baya.

Na taɓa karya ɗaya. Shekarun farko ne, mai bindigar yana tsaye a kaina yana jiran motar komawa garinsu, sukurun wutsiyar bututu, wato ƙarfen da ya miƙe baya daga gindinsa ya kwanta a katako, ya ƙi, na sa filaya a jikin sukudireba na ƙara ƙarfi. Rabin kan ya ɓalle ya yi tsalle ƙarƙashin tebur. Zaren waɗannan sukurori ba irin na yanzu ba ne, ba za ka same su wurin masu kayan gyaran babur ba. Har yau bindigar na nan da rabin kai. Tun ranar ba na kwance komai mai shi na kallo, kuma sukurun da ya ƙi bayan mako biyu, barinsa nake.

Ga jerin. Zare sandar ɗuri daga ƙarƙashin bututu. Gudumar na rabin zango, kwance sukurori biyu dogaye da ke gefen hagu, su ke riƙe farantin da ke dama. Kar ka ɓanɓare farantin da wuƙa, katakon da ke kewaye da shi siriri ne kuma ya bushe. Mayar da sukurun kaɗan cikin raminsa ka ɗan tura kansa da yatsa, farantin zai taso. Kwance sukurun wutsiya, wanda ke bayan ƙyaure ta sama. Sassauta sukurorin zobba, amma kar ka nemi fitar da su gaba ɗaya, an daddale ƙarshensu don kada soja ya yar, in ka matsa za ka lalata. Zame zobban ta gaba, ka jera su yadda suke, kowane da wurinsa da fuskarsa. Kife bindigar a kan bargo, tafin hannunka a ƙarƙashi, ka ɗan bubbuga, bututun zai faɗo da kansa. Kar ka ɗaga shi ta baki kamar mai buɗe akwati, wutsiyar za ta ɓalle katako.

Da zarar bututu ya fita, dogon katakon gaba ba shi da ƙarfin komai. Kwantar da shi, kar a jingina, kar a ɗauke shi ta tsinin.

Cikin farantin akwai babban sifirin mai kama da harafin V. Kar ka taɓa shi. Akwai abin matse shi na musamman, ba tare da shi ba ko ya karye ko ya fasa maka yatsa. Buroshin haƙori da kananzir sun ishi wurin ba sai an wargaza ba. Shi ma ƙyauren da allurarsa a bar su a haɗe.

5. Tsatsa: wadda ake cirewa da wadda ake bari

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake ɓata shi. Launi biyu za ka gani a ƙarfen. Akwai ruwan ƙasa mai duhu, sumul, kamar bayan tsohuwar tukunyar ƙarfe. Wannan ba cuta ba ce, rigar shekaru ce, tana ma kare abin da ke ƙarƙashi, kuma ita masana ke dubawa su san ba a taɓa bindigar ba. Akwai kuma ja ko ruwan goro mai kaushi, mai barin gari a yatsa. Wannan ce mai rai, ita muke yaƙi da ita.

Shafa man keke a wurin jan, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa guntun jan ƙarfen nan ka kankare a kwance, kamar mai feƙe fensir a hankali. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe laushi, yana ture ɓawon tsatsa ba ya yankar jikin. Zai bar jan shati, kar ka damu, tsumma mai mai zai ɗauke. Goge taɓon da ya taso nan take, domin shi kansa yana gurza. Sake sa mai, sake kankarewa. In kana da soso mai sifili huɗu, ka jiƙa shi da mai sharkaf, ka bi tsawon bututu da nauyin yatsa biyu kawai. Faɗin tafin hannu a zama ɗaya ya isa. Da ka ga fari ya fara leƙowa, ka wuce gona da iri, tsaya.

Wurin rubutu da alamomi, soso ba ya zuwa. Tsinken gora da mai kawai.

Ramukan da tsatsa ta riga ta ci ba sa cikowa. Wanda ya ce zai shafe maka su, gurje lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye zai yi har ya sauko daidai da ramin. An taɓa kawo mini wata da aka kai wa mai walda ya bi ta da injin gurza don za a yi biki. Tana walƙiya kamar sabon cokali. Kambin ya tafi, shekarar ta tafi, sai wutsiyar harafi ɗaya. Bayan damina guda ta fi da ja, domin an tuɓe mata rigar da ke kare ta. Ruwan batir da lemun tsami su ma haka suke yi, sai dai su har cikin ramukan suke maƙalewa su ci gaba da ci bayan ka goge.

6. Cikin bututu

Bayan ƙyauren a toshe yake, sanda ba ta shiga ta nan a miƙe, don haka igiya ta fi. Ɗaura ƙaramin abu mai nauyi a bakinta, ka naɗe shi da tef kada ya zane, ka sake shi ta gindi ya faɗo ta baki. A ɗaya ƙarshen ɗaura tsumma mai kananzir, ka ja a miƙe, kada igiyar ta riƙa gogar leɓen bututun. Tsumman ya zama mai shiga da sauƙi. In ya yi kauri ya cije a tsakiya igiya ta tsinke, ka jawo wa kanka aikin kwana biyu. Canza tsumma har baƙin ya ragu. Ba zai taɓa fitowa fari fat ba, kar ka nace. Bi da busasshe sau biyu, sannan mai ɗan man keke sau ɗaya. In ka haska yanzu za ka iya ganin layuka uku masu faɗi suna murɗawa a ciki. Gajeriyar Snider, mai zobba biyu, takan zo da biyar.

7. Tagulla

Gindin ƙota, da garkuwar kunama, da hular da ke tsinin katako, duk tagulla ne a doguwar. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin goge su da toka da lemun tsami yadda ake wa tasa. Kar ka biye masa. Launin zuma mai duhu da suka yi shi ne daidai, kuma lambar rundunar da ke kai ba ta da zurfi, gogewa uku ta tafi. Abin cirewa shi ne koren nan mai danƙo da ke fitowa inda fata ta daɗe tana taɓa tagulla. Tsinken gora, sannan auduga mai kananzir. Guba ne, ka bar safar a hannunka, ka wanke hannu kafin ka ɗauki goro. In maratayar fata ce ke jawo shi, kwance ta ka ajiye a gefe cikin takarda, da alamar cewa ta wannan bindigar ce.

8. Katako

Gwada a wurin da ba ya nunawa tukun. Auduga da ɗan kananzir, matse sosai, ka mirgina a kan katakon ba gurzawa ba. Datti zai hau audugar. In ka ga launin katakon kansa na tahowa, tsaya. Kar a wanke da ruwa da omo, kar a shanya a rana. Tabo da kwarzane da wurin da hannu ya lashe ya yi santsi, duk a bar su. A gefen dama na ƙota wani lokaci akwai zagayayyen hatimi da aka buga a katakon, samfefa sau ɗaya ta share shi.

In an taɓa shafa mata baƙin mai, katakon kusa da ƙarfe zai yi baƙi ya yi laushi. Ba ya fita duka. Naɗe wurin da tsumma mai tsabta ka ajiye a ɗaki mai ɗumi, kana canzawa, zai riƙa tsotsewa kaɗan-kaɗan.

Ƙananan huda kamar na allura aikin ƙwaro ne. Don ka san ko yana ciki har yanzu, kwantar da katakon a kan farar takarda mako biyu. In ka ga sabon gari mai haske a ƙarƙashin ramukan, yana nan. Nemi maganin ƙwaron katako wurin kafintoci, ka ɗura da sirinji rami-rami a waje inda iska ke kaɗawa, ka naɗe a leda mako biyu, ka sake gwajin takarda. In gara ce ta ci cikin ya zama fanko, yana ƙara kamar ƙwarya in ka ƙwanƙwasa, wannan ya fi ƙarfin gida. Tuntuɓi ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ko ka nemi shawara a Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna.

Tsaga kuwa, in ba ta motsi a bar ta. In tana buɗewa, ɗan farin gam na kafintoci da tsinke, a matse da robar tayar keke da aka yanka siriri a kan tsumma, a goge wanda ya fito tun yana ɗanye. Ban da gam mai kamawa nan take, ban da ƙusa.

9. Kaki da mayarwa

Goge duk man da ke wajen ƙarfen da busasshen tsumma, domin kaki ba ya zama a kan mai. Bari ya kwana. Shafa kakin siriri ƙwarai a ƙarfe da tagulla da katako, har ƙarƙashin bututu inda zai kwanta a katako. Minti kaɗan, sai ka goge da tsumma mai laushi. Na fi son kaki a kan mai saboda ƙurar hunturu: mai kama ta yake, kaki kuwa kaɗewa kawai. Basilin zai yi a ƙarfe in ba komai, amma sai ka riƙa sabuntawa. Kakin zuma a katako kawai. Man gyaɗa da man shanu suna tsami su yi danƙo, su kira kiyashi.

Mayar da komai ta bayan yadda ka kwance. Sukurori a ɗaure su daidai tsayawa, ba a ƙara. Katako na kumbura da damina, in ka matse shi yanzu zai tsage a lokacin. Daga ƙarshe riƙe gudumar da babban yatsa, ka ɗan ja ta baya don ta fita daga rabin zango, ja kunama, ka sauke ta a hankali don sifirin ya huta. Kar ka bari ta faɗa da kanta, kuma ka hana baƙi wannan wasan. Kowa ya ɗauka sai ya so ya ji ƙarar, allurar kuwa ba ta da madadi.

10. Wurin ajiya

Ƙasarmu na da maƙiya biyu da ke karɓa-karɓa. Damina na kawo tsatsa, hunturu na tsaga katako. Ɗakin tsakiya wanda zafinsa ba ya hawa da sauka sosai ya fi, nesa da taga, nesa da madafa, ba ƙarƙashin kwanon rufi kai tsaye ba. Kar ta taɓa bangon siminti ko ƙasa. Kwantar da ita a kan turaku biyu na katako da aka naɗe da auduga, cikin kabad mai makulli, da ɗan tazara daga bango. Kar a naɗe ta a fata, ko bargo, ko leda, duk suna riƙe laima. In kabad ɗin rufaffe ne ƙwarai, tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani ka zuba a kusurwa, kana shanya su a rana lokaci-lokaci.

Lamba ko suna a rubuta a kati a ɗaura da zare a garkuwar kunama, kar a rubuta da fenti a jikinta. In kana son masu kallo su gane yadda take aiki, ka sa a sassaƙa maka siffar harsashinta da icce, ko ka buga hotonsa a ajiye a gefe. Kwafin hotunan da labarin dattawa a ba mutum biyu a gidan, tare da takardar 'yan sanda. In wani dillali ya zo da maganar zai saya ya fitar waje, ka sani kayan tarihi ba sa barin Nijeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Ina duba nawa sau uku a shekara: farkon damina, tsakiyar Agusta lokacin da marka ta zauna, da kuma in hunturu ya kama. A Agusta tocila nake bi da ita ƙarƙashin zobba da kewayen ƙyaure, nan jan ke fara dawowa. In na ga ɗigo, man keke da tsinken gora, a goge, a mayar da kaki a wurin kaɗai.